Hoton Ɗakin Shafa'atu

Tudun Wada, Gusau,
15 ga Afrilu, 1998.

Zuwa ga aminina Bashar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya Kaduna, yaya aiki, yaya Maman Faruk da shi Faruk ɗin? Ka gaishe min da oga da duk mutanen ofis. Ka ce musu ɗan ƙauyen nan da suka ce yunwa za ta koro shi ya dawo da ƙafarsa yana nan Gusau daram, har ya fara ajiye tumbi.

Dalilin wannan takarda shi ne disket-disket ɗin kwamfuta da direba zai miƙa maka tare da ita. Don Allah kada ka bar su a rana, kada kuma ka ɗora su kan rediyo yadda ka saba. Hoto ɗaya ne na rarraba a cikinsu saboda girmansa. Ka haɗa shi ka buga min a firintar ofis, a kan takardar nan mai sheƙi da oga ke ɓoyewa a durowa. A Gusau kaf babu firintar da za ta fitar da shi ba ta kashe masa launi ba.

Kafin ka fara yi min tsiya, bari in gaya maka kasuwa ta buɗe. Tun da aka ba mu jiha kowa gini yake yi, kuma kowa so yake ya ga cikin gidansa kafin ya sayi siminti. Kwanan nan na yi wa wani Alhaji falon masaukin baƙin da zai gina a hanyar Zariya. Da na miƙa masa takardar sai ya sa tabarau, ya duba, ya juya bayanta yana neman hatimin mai hoto. Na rantse masa falon nan ko bulo ɗaya ba a aza ba, ya ce in daina wasa in gaya masa a wane gari na ɗauko shi. Wallahi ranar ko abincin rana ban nema ba, daɗi ya ishe ni.

Amma wannan da ke hannunka ba na wani Alhaji ba ne, nawa ne. Ɗakin Shafa'atu ne, malamar firamaren nan ta Tsafe da na ishe ka da zancenta har ka ce za ka canja teburi. An sa mana rana, farkon watan Yuni in Allah ya kai mu. Gidan da nake ginawa ciki da falo ne, an yi rufi, an sa ƙofa da taga, saura filasta da fenti. A ido dai ba kyan gani: bulo tsirara, tulin yashi, da akuyar maƙwabta da ta mai da shi nata. Shi ne na ce ni da nake nuna wa mutanen duniya gidajensu tun ba a gina ba, ai abin kunya ne tawa amaryar ta zauna tana hasashe.

Na auna ɗakin da tef, na tayar da bangonsa a kwamfuta daidai da awon, na huda tagar gabas inda take. Gado da sif da kujeru kuwa na littafin kayan Italiya ɗin nan na kan teburin oga na tuno, na ƙera su ɗaya bayan ɗaya. Haske ne ya ba ni wuya. Ka san furogiram ɗin nan bai san haske kan daki bango ya dawo ba, in ka sa masa rana ita kaɗai sai lungunan ɗaki su yi baƙi ƙirin kamar cikin rumbu. Sai na bi na ɓoye ƙananan fitilu marasa ƙarfi, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, saman sif, har hasken ya yi laushi. Sannan na yi abin da kullum kake min dariya a kai, wato na ɗan ɓata shi. Na yamutsa gefen zanen gado, na karkata labule, na bar ƙofar sif ba ta gama rufuwa ba. Ido ba ya yarda da ɗakin da ya cika gyaruwa, ka yarda ko kada ka yarda.

Wanki kuwa, yadda muke ce wa saukowar hoton layi-layi daga saman allo, tun hantsi na kunna shi sai bayan la'asar ya kai ƙasa. Ana ɗauke wuta ina sakewa, ina kuma faɗin maganganun da ba za su rubutu ba. Amma da ya fito, Bashar, ni da na yi shi sai da na ji kamar in tuɓe takalmi.

Ka sa shi tsakanin kwali biyu kafin ka ba direba, ka kuma ja masa kunne kada ya zauna a kai. Ka fara tanadin babbar riga, kai ne babban abokin ango ko kana so ko ba ka so.

Ka huta lafiya.

Naka,
Tajuddeen


Tudun Wada, Gusau,
29 ga Afrilu, 1998.

Aminina Bashar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan zazzaɓin Faruk ya sauka. Allah ya ƙara masa lafiya. Hoto ya iso lafiya, ka kuma buga shi da kyau. Kyan ma ya yi yawa, don shi ne ya ja min abin da zan gaya maka yanzu. Ka zauna da kyau, kuma ban yarda ka yi dariya ba sai ka kai ƙarshe.

Ranar Lahadi na kai wa Shafa'atu a Tsafe. Ta karɓa, ta yi ta kallo tana murmushi, ta ce na iya ƙarya da hannu. Ita ta san aikina, ba ta ruɗe ba ko kaɗan. To amma ka san hoto a gidan da ake shirin biki. Daga hannunta ya faɗa hannun ƙawaye, daga nan sai ɗakin Inna mahaifiyarta, kafin magariba yana hannun mahaifinta, Malam Ɗanjuma. Ni ina Gusau ina ta fasa kai, ban san na kunna wuta ba.

Kai ma ka san al'ada: ango ya gina ɗaki, uban amarya ya cika shi. Gado, katifa, kujeru, kwanuka, duk nasa ne, kuma da su ake auna yadda ya riƙe ɗiyarsa. Ni da aka haifa a Bungudu, na ga jeren yayyena mata da idona, amma wallahi tallahi ina gaban allon nan ko sau ɗaya abin bai faɗo min a rai ba. Ni ɗaki kawai na gani babu kaya na zuba masa, yadda muke yi wa kowa. Shi kuwa Malam abin da ya gani shi ne surukinsa ya aiko masa da samfurin kayan da yake so a kawo masa gida.

Malam Ɗanjuma manomi ne, gonarsa na hanyar 'Yankuzo, mutum ne mai tsananin gudun raini. Bai yi faɗa ba, bai aiko min da ko kalma ɗaya ba. Ya dai je wurin Bello kafinta, wanda ya ba aikin gadon tun kaka, ya ce a dakata. Ya sa an tambayo masa kuɗin irin kayan hoton a Kano. Sannan ya yi wa dillali magana a kan shanun huɗarsa guda biyu, ya ce a nema musu mai saye. Shanun nan, Bashar, su ne gonar. Da su yake huɗar tasa, da su yake yi wa mutane ƙwadago, ga damina a bakin ƙofa. In suka fita gidan nan bana, da fartanya dattijon nan zai shiga gona.

Ban san komai ba sai da ranar ganin ɗaki ta zo. Na share gida, na kori akuya, na sayo lemo, na zauna jiran gwaggonninta su zo su auna labule da leda. Shiru. Da yamma na hau mota na tafi Tsafe. Shafa'atu ta fito, ko tabarma ba ta shimfiɗa min ba. A tsaye ta gaya min komai, idonta jawur, ta kuma rufe da cewa in aka sayar da shanun Baba saboda ita, to ƙafarta ba za ta taka ɗakin nan ba, ko da zinariya na dafe shi. Na san ta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Washegari na wuce Bungudu wurin Baffa Buba, ƙanen mahaifina, wanda ya nema min auren. Ya wanke ni tas. Ya ce boko ya cinye min kai, ya ce ko ɗan akuya ya fi ni sanin ta ido. Da ya gaji ya sa hula muka kama hanya. Ni na tsaya a tasha, shi ya shiga wurin Malam ya yi masa bayani cewa hoton nan ba hoto ba ne, zane ne na na'ura, babu gadon babu kujerun, yaro ne ya yi wauta.

Ka san amsar da ya dawo da ita? Malam ya ce ya ji, ya kuma gode. Ya ce amma hakan ya fi muni. Da hoto ne, sai a ce yaro ya ga abu a wani wuri ya ɗauka. Tunda zama ya yi ya zana da hannunsa, to abin da zuciyarsa ke so ne ya zana. Shi kuma ba zai kai ɗiyarsa ɗakin da mijinta zai riƙa kallon kayanta yana tuna waɗansu ba. Maganar nan ta dake ni, don ban sami inda zan kama in ce ƙarya ce ba.

Baffa ya ce in bar shi da manya su yi ta lallashi. Ni kuwa na ga lallashi ba zai riga dillali ba. Da hannuna na ɓata, da hannuna zan gyara, kuma na san ta inda zan bi. Kada ka damu da ni, ka dai sa ni a addu'a. Yanzu kana iya yin dariyar.

Naka kullum,
Tajuddeen


Tudun Wada, Gusau,
7 ga Mayu, 1998.

Bashar,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, ina gaida Maman Faruk, na kuma gode da addu'arta. Takardarka ta same ni. Shawarar da ka ba ni ta in sayi shanun a ɓoye in mayar masa, ka riƙe abarka. Ranar da Malam Ɗanjuma ya gano surukinsa ne ya fanshi shanunsa, ranar auren ya mutu murus. Ku mutanen Kaduna komai sai ku ce a sa hannu a aljihu.

Ga abin da na yi. Tunda ya ce abin da zuciyata ke so nake zanawa, to bari ya ga abin da take so. Gidan suruki ba ya shiguwa, amma rumfar kafinta ta kowa ce. Na je wurin Bello na same shi ransa a ɓace, ya ce shi aka fi ci wa mutunci, gadon da ya ɓata wata da watanni a kai an ce ya rufe shi da buhu. Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya buɗe min. Bashar, gado ne! Maɗaci ne jawur, mai nauyi, ya sassaƙa masa ganye a allon kai da hannunsa. Ga kabad na jeren kwanuka, ga kujeru biyu da ɗan teburi. Na zaro tef na auna komai har kaurin ƙafa, na zana sassaƙar a takarda, na roƙi guntun katakon da ya rage. Da na dawo na shafa masa mai na kwantar da shi a kan sikana, ta ɗauki hotonsa ta sa a kwamfuta. Yanzu jijiyar katakon Bello ce da kanta a jikin gadon da ke cikin kwamfuta, ba ta wani littafi ba.

Kwanukan kuwa suna wurin Gwaggo Asabe, yayar Malam, mai sayar da daddawa a kasuwar Tsafe. Ita ce ta fara sa min suna Mai Gidan Iska. Sai da ta gama yi min tatas, ta ce ɗan banza mai idon cin naira, sannan ta shigar da ni ɗaki ta yaye zane. Samira saiti-saiti, langa, kwalla masu furanni, kumbuna, faya-fayen da Inna ta saƙa da hannunta, da tabarma mai ja da kore. Ta ce tun Shafa'atu na aji uku ake tara su, kaka bayan kaka. Akwai wata babbar tasa tsohuwa, bakinta ya ɗan ɓantare ya yi baƙi, ta ce da ita aka kawo Inna gidan Malam. Na ɗauki hotunansu da kyamarar maƙwabcina, ta kuma ara min murfi ɗaya da faifai ɗaya, bisa sharaɗin in ko ƙwarzane ya same su ta tsine min.

To aiki ya same ni. Ashe kayan Italiya wasan yara ne. Su duk a miƙe suke, ka ja layi ka ba shi kauri ka wuce. Kwano kuwa sai ka zana rabin bakinsa ka juya shi ya zagayo, sannan ka naɗa masa furensa ba tare da ya miƙe ya lalace ba. Ga sheƙi. Kowace samira tana ɗauke da hoton 'yar'uwarta da na taga a jikinta, in ka ce wa na'ura ta lissafa wannan duka sai ta yi ta nishi kamar tsohuwar tifa a kan tudu. Dole na rage, na bar sheƙin gaske a layin gaba kawai, na bayan na yi musu dabara. Faifan ma sai da na sa wa saƙarsa tudu da kwari don haske ya kama ta. Ɓantarar tasar nan ban gyara ta ba, yadda take na sa ta, a tsakiyar kabad.

Wani abu kuma na canja. A hoton farko na tsayar da idon kyamara a tsayin mutum tsaye, yadda oga ya koya mana. Wannan karon na sauko da shi daidai idon wanda ke zaune a tabarma, don a ɗakin matan Hausa ba a tsaye ake kallon jere ba. Da na yi haka sai kabad ɗin ya tashi sama, gadon ya yi kwarjini. Na daɗe ina kallonsa. Ba don ina neman mafita nake faɗa ba, wallahi ɗakin nan ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Na farko ɗakin otal ne, wannan kuwa na san matar da ke cikinsa.

Wuta dai sai addu'a. Maƙwabcina mai hoto ya ja min waya daga janaretansa, ni kuma nake bin layin mai da galan a madadinsa, ka san halin da ake ciki. Duk na rame, tumbin da na yi maka alfahari da shi ya tafi.

Matsalar ita ce lokaci. Gwaggo ta aiko cewa kasuwa mai zuwa za a kai shanun kara a sayar, wai an sami wani daga Funtuwa. Disket ba zai je Kaduna ya dawo kafin nan ba, firintar garin nan kuma ba zan bari ta taɓa aikin nan ba. Don haka kwamfutar zan ɗauka ɗungurungum in kai Tsafe. Na san za ka ce na haukace, ita ce jarina kaf, hanya kuma ba ta da kyau. Na ji. Ka jira labari mai daɗi, don ni ban ga ta yadda mutum zai kalli ɗakin nan ya ce a'a ba.

Naka,
Tajuddeen


Tudun Wada, Gusau,
12 ga Mayu, 1998.

Zuwa ga ɗan'uwana kuma aminina Bashar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin alheri kai da iyali. Yaya zafi, ko ruwa ya sauka a wajenku? Mu nan hadari na ta haɗuwa yana watsewa. Na san ka ƙagu, to ga labari, amma ka bar ni in ba ka shi a jere.

Ranar kasuwa da sassafe na naɗe kwamfuta da bargo, na kama kujerar gaba ni kaɗai, allon a kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a haƙorina. Direba ya ɗauka talabijin ce, ya yi ta ba ni labarin wani mai gyara a Sabon Gari. Baffa Buba na baya yana ta jan carbi yana cewa shi dai bai taɓa ganin an je biko da injin ba.

A rumfar Bello muka sauke. Mai kemis na kusa ya ba mu wuta daga ɗan janaretansa, na kunna ina salati, ta kuwa tashi lafiya lau. Hasken rana ya hana a ga allon sosai, sai Bello ya rataya buhuna ya yi mana duhu. Shi na fara nuna wa. Ya dafe kai ya yi ta kabbara, ya ce gadonsa ne, har da baƙin idon da ke jikin katakon ƙafar hagu. Nan da nan ya yaye buhun da ya rufe na gasken, ya hau goge shi da hannun riga.

Baffa ya tafi kara. Daga baya ya gaya min ya tarar da shanun a ɗaure, mutumin Funtuwa na buɗe bakinsu yana duba haƙora, Malam na tsaye gefe ya juya musu baya. Baffa bai yi wa Malam dogon zance ba. Ya ce don girman zumunci ya zo ya ga abu ɗaya, in ya gani ya dawo ya sayar, ba wanda zai ƙara buɗe baki.

Can sai na hango su tafe, Baffa da Malam. Na durƙusa na gaida Malam, ya amsa a taƙaice bai dube ni ba. Aka ba shi benci ya zauna gaban allon. Na miƙa hannu daga durƙushen na danna, na sunkuyar da kai. Mutane sun cika bakin rumfa, har Gwaggo Asabe ta bar daddawarta ta zo ta tsaya a baya, amma ba ka jin komai sai ƙarar janareta.

Ya daɗe yana kallo. Ta gefen ido nake satar kallonsa. Ya duba gadon allo, ya juya ya duba na Bello, ya sake dawowa. Ya bi jeren kwanukan da ido tun daga sama. Da ya zo kan tsohuwar tasar nan sai ya tsaya, ya matso da fuskarsa, ya ɗaga yatsa kamar zai taɓa bakinta, sai kuma ya mai da hannunsa cikin riga.

Can sai ya yi gyaran murya. Ba ni ya yi wa magana ba, Bello ya yi wa. Ya tambaye shi tagar nan ta gabas ce? Bello ya dube ni, na gyaɗa kai. Sai Malam ya ce to gadon ya matsu da taga da yawa, ruwan gabas feshi gare shi, katako kuma ba ya son laima, a matsar da shi bangon can.

Bashar, ban san sanda na miƙe ba. Na kama linzamin kwamfuta, na mai da ɗakin zanen layuka, na ɗauki gadon a gaban idonsa na kai shi ɗaya bangon, na juyo da kabad ya fuskanci ƙofa. Na sa wanki na gaggawa marar sheƙi, ya sauko layi-layi, rumfa ta ɗauki salati. Malam ya duba ya ce haka ya fi. Sannan ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya dubi Bello ya ce shi kuma me yake jira da bai ƙarasa aikin mutane ba, ga biki ya matso? Ya sa kai ya fita.

Ina naɗe wayoyi sai ga shi ya wuce ta gaban rumfa, igiya a hannu, shanun biyu na biye da shi, ya nufi gida. Ko waiwayowa bai yi ba. Baffa ya dafa kafaɗata ya ce injin nan nawa dai a bar shi, yana da rana.

Ni na ɗauka na ci nasara ke nan, har na fara tsara yadda zan yi maka burga. Na mayar wa Gwaggo murfinta da faifanta, na ce mata ashe Malam ya san sirrin katako haka. Sai ta harare ni ta ce in rufe mata baki, wane katako? Maɗacin Bello ko a kogi aka jefa shi ba abin da zai same shi. Ta ce yarinyar ce. Tun tana goye sanyin damina ke kama mata ƙirji, in iska mai laima ta buge ta sai numfashi ya gagara. Ta ce akwai shekarar da Malam ya goya ta a bayansa, cikin ruwa, tun daga gona har bakin titi yana neman motar asibitin Gusau. Tun daga ranar, duk damina shi da kansa yake shiga ya ja shimfiɗarta nesa da taga. Ba zai iya faɗin haka gaban suruki ba, shi ya sa ya laƙa wa katako.

Shekara uku ina zuwa zance wurin yarinyar nan ban sani ba. Na juya na yi kamar ina gyara bargon kwamfuta, don kada 'yan kasuwa su ga ango na hawaye.

Gwaggonni za su zo ganin ɗaki ranar Alhamis, Gwaggo ta ce in tanadi kunne don za su yi min tsiya kan filasta. Na riga na sa magini ya yi wa tagar gabas rumfa mai faɗi. Shafa'atu kuma ta aiko min da dambun nama, ba ta haɗa da ko kalma ba, ni kuma ban nemi ƙari ba.

Ga disket-disket nan, Malam ya aiko Baffa ya ce yana son nasa a takarda. Hoto biyu za ka gani a cikinsu. Don Allah ka buɗe ido da kyau, wanda gadon ke nesa da taga za ka buga.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci, ya kawo ku lafiya.

Naka har kullum,
Tajuddeen